Wa ke da gaskiya kan ajiye tirelar kwana a gindin bishiya?

Wani bawan Allah daga Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Baba. Na sayi ƙaramar tirela mai ɗaki a ciki, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, da gado da ɗan kicin. Ina so in ɗauki iyali a hutun makaranta na watan Afrilu mu kwana biyu a Dadin Kowa, daga nan mu wuce Yankari. Saboda zafin da ake yi, niyyata duk inda muka sauka in nemi babbar bishiya in shigar da tirelar ƙarƙashinta. Maiɗakina ta ce ba ta yarda ba, tana tsoron reshe ya faɗo mana cikin dare. Ni kuwa a ganina muna cikin ɗaki mai rufi, kuma ba damina ba ce. Wa ke da gaskiya a cikinmu?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a abin hawan, ya sa a kashe lafiya. Maiɗakinka ce ke da gaskiya, kuma ina so ka gaya mata haka da bakinka. Na fara aikin gandun daji tun Gombe tana cikin Jihar Bauchi, kafin a yanke ta a 1996, a cikinsa kuma na yi ritaya. Ina son bishiya, na dasa dubbai da hannuna, amma ban taɓa yarda ɗana ko ma'aikacina ya kwana a ƙarƙashin tsohuwar bishiya mai manyan rassa ba, a tanti ne ko a mota.

Hujja biyu ka kawo, rufi da kuma cewa ba damina ba ce. Bari mu fara da rufin.

Wanda ya ƙera tirelarka babban abin da ya sa a gaba shi ne kada ta yi nauyi, don ƙaramar mota ta iya janta. Saboda haka rufinta siririn katako ne, da wuya kaurinsa ya wuce santimita ɗaya, an ɗora shi kan 'yan sanduna, an lulluɓe da roba ko faiba ko fallen alminiyon. Ruwan sama da rana da ƙura aka yi shi ya tare. Ko rufin bas ko jif, da ake gani kamar ƙarfe ne mai ƙarfi, fallen da ke kai bai kai milimita ɗaya ba. Yanzu ka auna abin da ke rataye a samansa. Ɗanyen itace mai tauri, irin maɗaci ko ɗorawa, nauyinsa ya wuce yadda ido ke ƙiyastawa, domin cike yake da ruwa. Reshe mai faɗin santimita 30, kamar bakin bokitin wanka ke nan, mai tsawon mita 5, yana kaiwa kilo 300, tun ba a haɗa ƙananan rassa da ganye ba. Buhun siminti shida ke nan a ɗaure wuri guda. In ya ɓalle daga tsayin mita 10, daƙiƙa ɗaya da rabi ba ta cika ba zai iso, yana gudun kusan kilomita 50 a awa. Wani lokaci ma bakin da ya karye ne ke fara sauka, da tsininsa kamar mashi. Mai barci a ciki ba shi da damar ko ɗaga kai.

Abin da rufin tirela ke iya tarewa shi ne ƙirare da 'ya'yan itace ƙanana. Illarsa kuwa, yana sa mutum ya saki jiki. Mai shimfiɗa tabarma a fili yakan ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa kafin ya kwanta. Mai tirela kuwa kan rufe ƙofa ya ɗauka ya shiga gida.

Sai maganar damina, wadda a kanta zan fi tsawaitawa, domin a nan mutane suka fi ruɗuwa. Kowa ya san iska na karya reshe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, babban reshe mai ɗanyen ganye na iya ɓallewa rana tsaka, babu iska ko ta kaɗa gashin kaza.

Na gani da idona. Wata rana cikin bazara, bayan azahar, muna zaune a barandar ofishinmu a wata ƙaramar hukuma, zafi ya hana kowa motsi. A harabar akwai wani tsohon maɗaci, inuwarsa ita ce wurin ajiye a-kori-kurar ofis shekara da shekaru. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga, kafin mu miƙe reshe guda ya sauko ya danne kan motar, ya lotsa shi har ya haɗe da kujera. Direbanmu ya saba kishingiɗa a wannan kujerar bayan cin abinci. Ranar ya tsaya gaisawa da wani a ƙofar masallaci. Na je na duba inda reshen ya karye, wajen taku biyu daga jikin uwar bishiyar: jan itace lafiyayye, babu ruɓa, babu gara, babu kogo. Da an ce in duba wannan bishiya da safiyar ranar, da na ce lafiyarta lau. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Masana bishiya a ƙasashen waje sun daɗe da lura da wannan. Wani malamin jami'a a Kalifoniya, Richard Harris, ya yi rubutu a kansa a 1983. Abin da aka lura da shi ya yi daidai da abin da na gani: bishiyar tsohuwa ce, reshen babba ne, ya miƙe a kwance ya yi nisa da gindi, ranar akwai zafi, iska a tsaye, karyar kuma takan zo da ɗan nisa daga inda reshen ya haɗu da uwar. Yakan kuma faru in ruwa ya sauka bayan dogon fari, bishiya ta zuƙi ruwa, reshe ya ƙara nauyi. A Ostiraliya, asalin ƙasar bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, hukumomin gandun daji na kafa alluna suna hana mutane kafa tanti a ƙarƙashin wani nau'inta da ke bin bakin kogi, saboda yadda take yar da rassa ba gargaɗi. Wannan nau'in shi ne aka fi dasawa a arewacin Najeriya, a shingen kare iska da harabar makarantu da bakin madatsun ruwa. A Amurka kuma, cikin watan Agustan 2015, reshe ya faɗo kan wani tanti da asuba a gandun Yosemite ya kashe yara biyu suna barci, a sansanin da hukuma ke kula da shi.

Sannan Afrilun da ka zaɓa ba wata ne na sakin jiki ba. A kalanda ba damina ba ce, amma daga ƙarshensa zuwa Mayu da Yuni ne hadarin farko ke tasowa a yankinmu, kuma shi ne mafi muni ga bishiya. Ka san yadda yake zuwa: gari ya yi tsit, gabas ta yi baƙi, sai iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, sau da yawa da yamma liƙis ko cikin dare. Ƙarfin da iska ke danna bishiya da shi ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, dannawar ninki huɗu take yi. Kuma wannan iska tana tarar da duk busassun rassan da suka taru tun hunturu, wata shida babu hadarin da ya girgiza su, sai ta kakkaɓe su a dare ɗaya. Mutanen garin Bauchi ba za su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, cikin bikin ƙaramar Sallah, wadda ta yi sanadin rayuka, ta kwashe rufin gidaje, ta tuge bishiyoyi da turakun lantarki. Ba ta ɗauki tsawon lokaci ba. In aka shiga marka a Agusta kuwa, matsalar takan koma ƙasa: ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, saiwa ta rasa abin riƙewa, bishiya ta tafi gaba ɗayanta.

Kowace bishiya da halinta, kuma yana da kyau ka san waɗanda za ka tarar.

Giginya ba ta da rassa, amma kada ka kusance ta. Ɗanta ɗaya yana kai kilo guda ko fiye, yana kuma faɗowa daga tsayin da ya kai mita 20. Busasshen ganyenta ma da ƙotarsa ya isa ya fasa gilashi. Haka hantsar giwa, wadda wasu ke kira rahaina, da ke son bakin rafi: 'ya'yanta na lilo a igiya, wani ya kai kilo biyar.

Kuka tana ruɗin mutane da girmanta. Cikinta ba itace ne mai tauri ba, kamar soso yake, cike da ruwa, tsofaffinta kuma galibi akwai kogo. Reshenta in zai tafi ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. A kogonta kuma zuma ke zama, hayaƙin girkinku zai iya tayar da su.

Maɗaci shi ne ya fi ba ni tsoro, domin shi ne mai inuwar da ta fi jan matafiyi, kuma shi ne ya fi shan wahala a hannun mutane. Masu magani na sassaƙe ɓawonsa, makiyaya na datse rassansa su ba shanu ganye da rani. Duk inda aka datse babban reshe, ruɓa na shiga ta bakin saran ta yi ta cin ciki a hankali. Sababbin rassan da ke tohowa a wurin kuma a saman fata suke kafe, ba su da tushe cikin zuciyar itacen. Bayan 'yan shekaru sai su yi kauri su yi ganye shar, mai kallo ya ce bishiya ta warke, alhali nauyi ne aka ɗora kan ruɓaɓɓen wuri. Dalbejiyar bakin titi da ake datsewa saboda wayar lantarki ita ma haka take, ga kuma saiwarta da masu haƙa kwata suka yanke.

Ɗorawa tana shimfiɗa rassa a kwance, kuma kauci na sonta. Reshen da kauci ya kama yakan kumbura a wurin, abin da ke gabansa ya fara mutuwa. Tsohon mangwaro yakan yi kogo a mararrabar rassa inda ruwa ke kwanciya. Rimi dogo ne, itacensa kuma ba tauri.

Gawo akasin sauran yake, da damina yake zubar da ganye, ya yi ganye da rani. In ka gan shi tsirara a Agusta ba mutuwa ya yi ba. Wannan ya kawo mu ga wata wahala ta lokacin tafiyarka: a ƙarshen rani bishiyoyi da yawa ba ganye, sai ya yi wuya a bambance mataccen reshe da mai rai. Ka dubi ƙarshen reshen. Mai rai yana da ƙananan tsinkaye masu yawa da idon toho. Matacce ya zubar da su, ya rage sanda kawai, ɓawonsa na ɓamɓarewa, launinsa ya yi toka.

Tsamiya ce na fi amince wa a cikinsu, domin itacenta na da tauri da danƙo, iska ba ta cika karya ta ba. Duk da haka iyayenmu sun hana kwana a gindinta da gindin kuka, suna cewa mazaunin aljanu ne. Kowane dalili mutum ya riƙe, wannan hani ya tsare rayuka da yawa, kuma ban ga amfanin karya shi ba.

To, yaya ake duba bishiya? Da farko ka isa masauki da sauran rana. Wanda ya iso bayan magariba, a gajiye, yara na kuka, fitilar mota ƙasa kawai take nuna masa. Ka tsayar da mota a fili, ka sauka da ƙafa. Ni ƙasa nake fara dubawa kafin sama, domin ƙasa ba ta ɓoye tarihi. In ka ga guntayen manyan rassa a zube, ko da masu itacen girki sun kwashe rabi, ka ɗaga kai za ka ga tabon inda suka fito. Bishiyar da ta taɓa yar da babban reshe za ta sake. Ka dubi gindin: ko ƙasa ta ɗaga ta gefe guda ta tsattsage, ko saiwa ta fito fili saboda zaizayar ruwa, abin da za ka tarar a bakin Gongola da gefen madatsar Dadin Kowa. Bishiyar da ta girma a karkace tun tana ƙarama ta saba da hakan. Wadda ta karkata kwanan nan, ƙasan bayanta a kumbure, tana kan hanyar faɗuwa ne.

Daga nan sai jikinta. Baƙin tabon wuta a gindi, ko na gobarar daji ne, ko na masu cire zuma, ko na mai shayin da ya shekara yana hura murhu a jikinta, alama ce ta cewa akwai rauni a ciki. Hanyar gara da ta hau jiki, garin itace da ƙwaro ya huda ya zubo, naman kaza mai tauri da ke fitowa a jiki kamar faifai, duk saƙo ɗaya suke ba ka. Naman kazan nan abin da ka gani a waje furensa ne kawai, jikinsa na can ciki yana cin itacen. Ka ɗauki dutse ko bayan gatari ka ƙwanƙwasa. Lafiyayyen itace amsawarsa a dunƙule take, mai kogo kuwa kamar ganga. Wani masanin Jamus, Claus Mattheck, ya fitar da ma'aunin da masu wannan aiki ke amfani da shi: in lafiyayyen bangon da ya rage kewaye da kogo bai kai kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin ɓawo da tsakiyar bishiya ba, haɗarin karyewa ya ƙaru sosai.

Sannan ka ja baya ka zagaya ta kana kallon sama, ta kowace fuska. Abin da ka fi nema shi ne reshen da ya riga ya karye amma bai iso ƙasa ba, ya maƙale a kan 'yan uwansa. Wannan ba ya jiran guguwa, tsuntsu ko biri ya ishe shi. Ka dubi inda manyan rassa biyu suka rabu. In sun buɗe kamar bakin ƙwarya, haɗin na da ƙarfi. In sun matse kamar gwafar danƙo, ɓawo ya shige tsakaninsu, ga tsaga ko baƙin ruwa na tsiyaya, wata rana za su rabu biyu.

Na koya maka wannan duka ne don ka gane mugunyar bishiya ka guje ta. Ba zai ba ka tabbacin cewa mai kyan gani ba za ta yar da reshe ba, maɗacin ofishinmu ya isa shaida. Saboda haka abin dogaro shi ne tazara. Ka ajiye tirelar nesa da gindi da tsawon bishiyar sau ɗaya da rabi. Masu sare itace ma tsawo biyu suke ba ta. Auna tsawon ba wuya, kuma sallah ta riga ta koya mana: lokacin shigar la'asar inuwar abu takan kai tsawonsa, a Afrilu kuwa da rana ke bi ta tsakar ka a yankinmu, lissafin na fita kusan daidai. Inda inuwar kan bishiya ta tsaya a farkon la'asar, nan kanta zai kai in ta faɗi. Ka taka daga gindi zuwa nan kana ƙirga taku, ka ƙara rabin abin da ka samu.

Na san abin da ke ranka: to zafin fa? Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Ka yi amfani da wannan. Ka ajiye tirelar ta gabashin bishiyar, a tazarar da na faɗa. Daga wajen ƙarfe huɗu inuwarta za ta miƙo ta same ku, ta tare muku ranar yamma, wadda ita ce ke gasa bango ta hana barci da dare. Ga riba ta biyu: hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, saboda haka in iska ta tura bishiyar, yamma za ta nufa, ta ba ku baya. Na ce galibi, domin guguwa na juyawa, shi ya sa ba a rage tazarar. Sai ka tabbatar kuma babu wata doguwar a gabashinku. Don ranar tsaka, ka ɗaura tampol a kan sanduna sama da rufin, ka bar tazarar taƙi biyu iska na bi, ko ka shimfiɗa zana ko asabari a kai. In kana da faifan sola ma, dama fili yake so. Rumfar gefe kuwa ka naɗe ta kafin ku kwanta, kada iska ta same ta a buɗe.

Zaman hira da cin abinci a inuwa da rana ban hana ba, rayuwarmu ke nan, kuma dubban mutane na yi kullum lafiya. Faɗowar reshe ba abu ne na yau da gobe ba. Bambancin shi ne, mai zaman awa ɗaya ido biyu yana iya jin ƙara ya ruga, mai kwana kuwa awa takwas zai yi a wuri ɗaya bai san inda yake ba, a daidai lokacin da hadari ya fi tasowa, da duk iyalinsa a ƙarƙashin reshe guda. Don zaman rana ka zaɓi matashiyar bishiya mai rassa a tsaye, ka kauce wa ƙarƙashin dogon reshen da ya kwanta. Ka gaya wa yara tun daga gida: in an ji ƙas a sama, ba a tsayawa kallo, ba a ɗaukar takalmi, gudu ake yi zuwa fili.

Yankari tana da nata ƙarin. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. In ka bar titin Bauchi a Dindima ka isa ƙofar Mainamaji, akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40 kafin sansanin Wikki. Tun kafin ka tashi daga Gombe ka tuntuɓi hukumar wurin ka ji ko sun yarda a kwana cikin tirela, da inda suke so a ajiye ta. Kwana a wajen sansani kuwa kada ma ka kawo shi a rai. Giwayen dajin na ɓare ɓawo su karya rassa su bar su a rataye, bishiyoyin da ke bin kogin Gaji kuma su ne mafiya tsawo. A sansanin akwai gwaggon biri da yawa, sun saba da mutane, suna tsalle daga reshe zuwa rufin mota neman abinci. Babban namiji in ya dira kan busasshen reshe, tare za su sauko. Ka samu ɗaya daga tsofaffin masu gadin dajin ka gaishe shi da girmamawa, ka tambaye shi wace bishiya ce ta taɓa yar da reshe a nan. Sun fi kowane littafi sanin wurin. In ka ga reshe mai haɗari ka nuna musu, kada ka sa hannu ka sare, doka ta hana. Zafin rana kuwa ruwan Wikki zai ɗauke muku shi, ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 na ma'aunin Salshiyos rani da damina.

Kafin ku kwanta, ka juya motar ta fuskanci hanyar fita, makulli da tocila a wuri ɗaya da kowa ya sani. Ka saurari hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo ko waya, ka kuma dubi gabas bayan isha'i. In walƙiya na wasa can ƙasa-ƙasa, ka shirya. In hadarin ya taso da ƙarfi kuma akwai ginin siminti kusa, ku koma ciki. In babu, motar ƙarfe a fili, gilasai a rufe, ta fi tirelar faiba tsaro daga tsawa, bishiya kuwa ita tsawa ke nema. Bayan iska ta lafa kada yara su ruga tsintar mangwaro sai ka duba sama, domin a lokacin ne karyayyun rassa suka fi yawa a rataye.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya auku, ka fara rufe tukunyar gas ka kashe batir, kada wani ya kunna ashana. Ka haska sama kafin kowa ya shiga ceto, kada reshe na biyu ya biyo. Wanda reshe ya buga a kai ko wuya ko baya, kada a fizge shi, kada a zaunar da shi. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi kan wani abu mai faɗi da tauri. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Reshen da ya danne mota a tanƙware yake, in aka sare shi ba lissafi zai iya zabura ya bugi mai saran, saboda haka a tokare shi tukuna, a fara rage ƙananan rassa. Lambar gaggawa 112 ce, amma a daji sabis na yankewa, kuma daga Wikki zuwa Asibitin Koyarwa na Bauchi tafiya ce ta sama da kilomita 100. Dadin Kowa ta fi kusa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Wannan nisa na daga cikin abin da ya sa nake matsa maka.

Wani zai ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Matsar da tirela taku talatin ba ya cin kuɗi, ba ya cin mai.

In kun isa Dadin Kowa, ka bar maiɗakin naka ta sauka tare da kai ku zagaya bishiyoyin, ka sa yara su ƙirga takun inuwar, ita kuma ta nuna inda za a ajiye tirelar. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ka gaishe ta, ka gaida yara.